Malamin da ke karatu daga nesa: daga ina ake ciro lokacin?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi ɗimbin malaman makaranta a birnin Kano da kewaye, amma ba kasafai ake kawo shi a shafukan jarida ba, wato halin da malami ko malama ke shiga idan suka ɗauki ƙarin karatu daga nesa alhali suna riƙe da aji, kuma suna riƙe da gida. Ni malamar firamare ce, matar aure, uwar 'ya'ya, kuma ina cikin masu wannan karatu, saboda haka abin da zan faɗa abu ne da nake gani a kaina da kuma a kan abokan aikina maza da mata.

Babu malamin da ke shiga wannan karatu don nishaɗi. Tun da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tsayar da shaidar NCE, wato takardar kammala kwalejin ilimi, a matsayin mafi ƙarancin takardar da za a shiga aji da ita, tsohuwar shaidar Giredi Tu, wadda iyayenmu malamai suka yi aiki da ita suka yaye mu, ta daina kai mutum ko'ina. Hukumar Yi wa Malamai Rajista ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da doka a 1993, tana neman takardar koyarwa kafin ta yi wa mutum rajista, don haka ko mai digiri a wani fanni sai ya koma ya yi difloma ta koyarwa, wato PGDE. A tsarin albashi kuma, mai NCE yana fara aiki a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8, kuma akwai matakin da mai NCE ke kaiwa ya tsaya cak, yana ji yana gani yaran da ya koya wa baƙi da wasali su zo su wuce shi, har su zama shugabanninsa. Ga kuma dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a 2022, wadda ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Duk inda aka fara aiki da ita, malamin da ke tsakiyar shekarunsa na aiki zai duba gabansa ya ga tafiya mai nisa, wadda ba zai so ya yi ta da takardar da ta riga ta ƙure ba.

Hanyoyin ƙarin karatun, alhamdu lillahi, akwai su, kuma waɗanda suka buɗe su sun cancanci yabo. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna an kafa ta a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, lokacin da yara suka cika makarantu aka rasa isassun masu koyar da su, kuma tun 1990 take ba da NCE ta hanyar karatu daga nesa. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a mulkin farar hula na Shugaba Obasanjo. Tana da cibiya a nan Kano a yankin Dakata, kuma ɗan Kano ne, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da cibiyarta ta karatu daga nesa, da kuma tsarin karatun dogon hutu wanda malamai da yawa na Arewa suka yi digiri ta cikinsa. Ga Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi na cikin gari masu karatun wucin gadi. Ba don waɗannan ƙofofi ba, da mace irina, wadda ba za ta iya ajiye aiki ta bar ɗakinta ta tare a makaranta ba, ta haƙura da ƙarin ilimi har abada.

Haɗa sana'a da neman ilimi ba baƙon abu ba ne a garin nan. Ɗan kasuwar Kurmi ko na Kantin Kwari da ke biya littafinsa a zauren malam bayan sallar asuba kafin ya je ya buɗe shago, shi ma ɗalibin wucin gadi ne, kuma da yawa daga cikin malaman da ake ji da su a unguwanninmu ta haka suka sauke manyan littattafai. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara yadda jajoji, wato matan da ta koyar ta naɗa jagorori, za su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka da ba sa iya baro gidajensu. A zamaninmu ma, hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ta mayar da magidanta da matan aure aji, har ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Mun gaji imanin cewa gemu ba ya hana ilimi. Sai dai karatun zaure ba shi da kalanda: idan tafiya ko rashin lafiya ta kama ɗalibi, in ya dawo sai ya ɗora daga inda ya tsaya, malam kuma ya san uzurinsa. Karatun da muke yi yau yana da ranar rufe rajista, da ranar rufe jinga, wato aikin gida da ake ba ɗalibi, da ranar jarrabawa, kuma kwamfutar da ke rufe shafin ba ta san an yi maka rasuwa ko yaronka ya kwana da zazzaɓi ba.

A nan ne maganata take. Ana tallar karatu daga nesa kamar abu ne da mutum zai yi a lokacin da ya rage masa, alhali malamin makaranta mai iyali ba shi da wani lokaci da ya rage. Duk awar da ya ba karatu, daga wani wuri ya ciro ta: ko daga haƙƙin yaran ajinsa, ko daga haƙƙin iyalinsa, ko daga barcinsa da lafiyarsa. Hukumomin da ke matsa masa ya ƙaro takarda, da makarantun da ke karɓar kuɗin rajistarsa, da dangin da za su yi murna ranar da ya sa rigar kammala karatu, kowa ya kawar da kai daga wannan lissafi, an bar malamin shi kaɗai yana satar lokaci daga nan yana toshe can. Abin da nake nema shi ne a fito da lissafin fili, a san daga ina za a ciro lokacin, a kuma tsara shi da sanin kowa.

Bari in nuna yadda yinin malama yake, don mai karatu ya nemo mini gurbin da za a saka karatu. Tana tashi kafin asuba, ta ɗora ruwa, ta dama koko, ta yi wa ƙananan yara wanka, ta nemo takalmin wannan da hijabin wancan, sannan ta fita neman adaidaita sahu don ta riski taron safe. A aji za ta tarar da yara da yawansu kan wuce ɗari a wasu makarantun cikin birni, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, kuma da muryarta kaɗai za ta riƙe su har a tashi. Ta dawo gida da rana makogwaro a bushe, ga girkin rana, ga wanki, ga shirya yara su tafi Islamiyya, ga tuwon dare. Bayan sallar isha'i ne za ta jawo tarin littattafan ɗalibai da jan biro, ta duba, ta rubuta tsarin darasin gobe, wanda jami'an sa ido za su nema idan sun zo. Sai bayan duk wannan take buɗe littafin kwas ɗinta, kuma ba littafi ne na takarda ba, rubutu ne ƙanana a fuskar waya, tana ja da yatsa tana faɗaɗawa, wayar kuma ta yini a wurin mai caji saboda babu wuta. A watan Afrilu, lokacin da ɗaki ke huci kamar tanda har tsakar dare, za ta karanta shafi ɗaya sau uku ba ta riƙe komai ba. Idan kuma tana da abokiyar zama kuma ranar girkinta ce, to wannan daren ba na karatu ba ne gaba ɗaya.

Namiji ma bai tsira ba, nauyinsa dai daban ne. Mafi yawan malamai maza da na sani ba su dogara da albashi kaɗai ba, domin ba ya kai su ƙarshen wata. Wani da an tashi makaranta zai wuce shagon ɗan'uwansa a Sabon Gari, wani ya karɓi adaidaita sahu ya yi aikin yamma, wani yana koyar da yara a gidajen masu hali, wani yana da aji a Islamiyya, wani kuma da damina ta sauka hankalinsa ya koma gonar gado a ƙauye. Ga irin wannan mutum, awa biyu a kan littafi tana nufin cefanen gobe ya ragu, kuma shi ne zai kalli idon matarsa da safe. Mutane kan ce malami ya rage zaman majalisa ya yi karatu, kuma akwai gaskiya a ciki ga wasu, amma da yawa daga cikin waɗanda nake magana a kansu sun daɗe da barin majalisa, ba don karatu ba, don neman abin sawa a baka.

Asabar da Lahadi ne cibiyoyin karatu ke sa haɗuwa da masu jagorantar darasi, bisa zaton cewa ma'aikaci yana hutu. Amma a Kano waɗannan ranaku ba na hutu ba ne. Makarantun Islamiyya hutunsu Alhamis da Juma'a ne, don haka malamin da ke koyarwa a can Asabar da Lahadi yana bakin aiki. Kuma a ƙarshen mako ake ɗaurin aure, da yinin biki, da kai amarya, da zuwa dubiya, da gaisuwar rasuwa ga wanda bai samu zuwa a tsakiyar mako ba. Wanda bai zauna cikinmu ba zai ɗauka waɗannan abubuwa ne da mutum zai iya ajiyewa har ya gama digiri, amma zumunci ibada ne, kuma shi ne jarin talaka ranar da abu ya same shi. Matar da aka daina gani a sha'anin dangi, ba da daɗewa ba za a fara cewa boko ya shiga kanta, ta fi ƙarfin mutane, kuma maganar za ta isa kunnen surukarta kafin ta isa nata. Na ga malamai mata masu ƙwazo sun ajiye karatu a tsakiya, ba don ya gagare su ba, sai don ba za su iya jure irin wannan magana ba.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai kuɗin rajistar zango, da na kowane kwas, da na jarrabawa, da fotokwafi, da kuɗin mota, da data. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya yi tashin gwauron zabo, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin jiha ta amince da shi a ƙarshen 2024 ya taimaka, amma kasuwa ta riga shi gudu. Mafi yawanmu da adashi muke biyan rajista, kuma sau da yawa kwasar adashin ba ta zuwa daidai da ranar rufe shafi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne kason da yaran talakawa ke biya ba tare da an tambaye su ba. Jarrabawar cibiyoyin karatu daga nesa takan ɗauki makonni, kuma takan faɗo a ranakun aiki, a tsakiyar zangon karatun firamare. Malami ba shi da takardar izini, domin babu wani tsari bayyananne da ya san zai bi ya samu cikin sauƙi, don haka sai ya zo ya sa hannu a rajista da safe, ya rubuta abu a allo, ya ce wa shugaban aji ya rubuta sunayen masu surutu, ya sulale. Ko kuma hedimasta ya rufa masa asiri, a haɗe ajinsa da na maƙwabcinsa, yara su cunkushe a ɗaki ɗaya, in dambu ya yi yawa kuwa ba ya jin mai. Idan makaranta ɗaya tana da malamai huɗu ko biyar masu wannan karatu, to a makonnin jarrabawa makarantar suna kawai ta tara. Yaron aji ɗaya zuwa uku, wanda a wannan shekarun ne ake sa ran zai iya haɗa baƙi da ƙirga, shi ne ke asarar abin da ba ya dawowa cikin sauƙi, kuma ubansa, wanda watakila ɗan dako ne ko mai tura ruwa, ba shi da kuɗin da zai ɗauko masa malamin gida ya cike giɓin. Ba zan yarda a ce malami ya ƙaro ilimi don amfanin yaran gobe ta hanyar tauye yaran yau ba. Albashin da muke karɓa amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta.

Daga wannan matsi ne wata ɓarna ta biyu ke fitowa. A Buɗaɗɗiyar Jami'a, alal misali, jingar da ake yi ta intanet tana ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawa kuma 70, tsarin da aka yi domin ɗalibi ya riƙa karatu a hankali tun farkon zango. Amma duk wanda ke harka da masu karatu daga nesa ya san akwai shagunan intanet da samari masu wayo da za ka ba lambarka da ɗan kuɗi su amsa maka jinga, kamar yadda akwai masu rubuta wa mutum kundin bincikensa daga bango zuwa bango. Malamin da lokaci ya ƙure masa yakan ce larura ce. Na fahimci matsin, amma ban yarda da uzurin ba, domin mu ne muke tsayawa a kan yara a ɗakin jarrabawa muna hana su leƙen takardar juna. Malamin da ya sayi makinsa zai sami ƙarin girma, amma ajinsa ba zai ga wani canji ba, kuma gwamnati za ta riƙa biyan albashin mai digiri a kan ilimin da bai ƙaru ba. Wannan hasara ce ga kowa, kuma tushenta shi ne ɗora wa mutum abin da lokacinsa ba zai ɗauka ba.

Duk da haka, wanda ke son ya ga irin ƙishin ilimi da ke zukatan malamanmu, ya je bakin wata cibiyar jarrabawa da sassafe. Zai ga mace ta zo da goyo da ƙanwarta, ta shayar da jaririn a gindin darbejiya, ta miƙa shi, ta shiga ɗaki tana jiyo kukansa ta taga tana amsa tambayoyi. Zai ga dattijon malami mai furfura, wanda ya shekara da shekaru yana riƙe alli, hannunsa yana rawa a kan linzamin kwamfuta, ya san amsa sarai amma lokaci yana tafiya yana neman inda zai danna. Irin waɗannan mutane ba ragwaye ba ne, kuma ba su cancanci a bar su suna ɓoye karatunsu kamar masu laifi ba.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma an ga ana gyaran azuzuwa da ɗaukar sababbin malamai. Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, SUBEB, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 44 su sa wannan batu cikin abin da ake gyarawa, domin mafi yawansa tsari yake buƙata ba kuɗi ba. A buɗe rajistar malaman da ke karatu daga nesa a kowace ƙaramar hukuma, a ba wanda ya cancanta izini a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, ba sai ya san wani ba. Wanda ke da izini, idan jadawalin jarrabawarsa ya fito, ya kai wa hedimasta tun da wuri, a ba shi ranakun a fili, a kuma rubuta sunan wanda zai riƙe ajinsa, ko daga cikin abokan aiki, ko ɗaliban kwalejin ilimi da ke gwajin koyarwa, ko masu yi wa ƙasa hidima, shi kuma ya rama darussan da ya rasa kafin zango ya ƙare. A iyakance adadin malaman da za su kasance cikin karatu a lokaci guda a makaranta ɗaya, a yi shi bi da bi. Kuma wanda aka ba izini ya gama, a daidaita masa matakinsa ba tare da fayil ɗinsa ya shekara a kan tebur ba, domin babu abin da ke kashe gwiwar na baya kamar ganin na gaba ya gama shan wahala takardarsa tana kwance a akwati.

Su ma makarantun da ke ba da wannan karatu sun san cewa malamai na cikin manyan abokan hulɗarsu. Me zai hana a zauna da hukumomin ilimi a duba kalanda, a tura jarrabawar kwasa-kwasan koyarwa zuwa lokacin hutun zango, ko aƙalla zuwa yamma bayan an tashi makaranta? Tsarin dogon hutu da aka daɗe ana yi a Zariya ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A kuma yi la'akari da watan azumi da makon sallah, a samar da littattafan takarda ga wanda idonsa ba ya jure waya, a ware wa sababbin ɗalibai ranakun koyon kwamfuta kafin a zaunar da su jarrabawa a kanta, a tanadi inuwa da wurin shayarwa ga masu goyo. Ƙungiyar malamai ta NUT kuma, da ƙungiyoyin taimakon kai da kai na ma'aikata, za su iya buɗe rancen rajista marar ruwa da za a riƙa cira daga albashi kaɗan-kaɗan.

Ga mazajenmu kuwa ina da magana ta musamman, cikin ladabi. Izinin da miji ke bayarwa da baki abin godiya ne, amma izini kaɗai ba ya karanta shafi. Mijin da ya ce wa matarsa ta yi karatu, sannan ranar jarrabawarta ya gayyato baƙi, ko ya ɓata rai don tuwo ya makara, ya bayar da hannun dama ya karɓe da na hagu. Na san magidanta a garin nan da kan ɗauki yara su kai gidan kakanninsu ranar Asabar don uwarsu ta samu shiru, da waɗanda kan sayo abinci a waje a makon jarrabawa, da waɗanda kan je su tare wa matansu magana a wurin dangi su ce ni na sa ta. Mutuncinsu bai ragu ba, kuma albashin da ya ƙaru cikin gidan ya shiga. Haka nan matar malami, idan maigida ya shige ɗaki da littafi, ta taya shi da kau da yara da haƙuri da ragin cefane na ɗan lokaci. Amma shi ma ya tuna cewa 'ya'yansa ba za su tsaya da girma su jira ya gama digiri ba. Yaron da kullum ake ce masa ya yi shiru Baba yana karatu, yana buƙatar wata sa'a da za a ce masa zo ka biya mini haddarka.

'Yan'uwana malamai, mu ma akwai abin da ke hannunmu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Tsarin karatu daga nesa yana ba mutum damar ɗaukar kwasa-kwasai daidai ƙarfinsa da kuma jinkirta zango idan larura ta taso, amma gaggawar gamawa tare da abokai takan sa mu cika kai da kaya, mu faɗi, mu sake biyan kuɗi. Gara mutum ya ƙara shekara ɗaya ya fita da ilimin da ya zauna masa. Matar da ta san haihuwa na tafe ta jinkirta zangon tun kafin ta biya. Kafin a cike fom, a zauna da maigida ko uwargida, da abokiyar zama in akwai, da manyan yara, a faɗa musu shekarun da abin zai ɗauka da abin da zai ci, don kada rigima ta taso a tsakiyar tafiya. A kuma zaɓi fannin da ake koyarwa ko wanda ke kusa da shi, domin malamin da ke karanta hanyoyin koyar da karatu ko lissafi yana iya gwada abin da ya karanta da dare a ajinsa da safe, ajin ya zama wurin bitarsa, kundin bincikensa ma ya fito daga matsalar yaran da ke gabansa. Malaman unguwa ɗaya masu kwas ɗaya kuma su riƙa haɗuwa a wani aji bayan la'asar, wanda ya gane ya ganar da saura, a haɗa kuɗin data da na fotokwafi.

Daga ƙarshe, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilanka su zagaya makarantun firamare na Dala da Fagge da Gwale da Kumbotso da Ungogo a makonnin da ake jarrabawar masu karatu daga nesa, su tattauna da hedimastoci da malamai da iyayen yara ba tare da tona asirin kowa ba. Sannan su nemi hukumomin ilimi su yi wa jama'a bayani a wannan shafi: wace hanya malami zai bi ya sami izinin karatu ba tare da barin aiki ba, kwana nawa amsa ke ɗauka, kuma wa ke riƙe ajinsa ranar da yake ɗakin jarrabawa.

Wassalam.

Wata malamar firamare,
daga cikin birnin Kano.